Yadda Iyaye Kirista Za Su Koyar da Ƴaƴansu a Gida a Damagaram

Ɗiyata ta fari tana CE1, aji na uku na firamare, ranar da na miƙa mata takardar maganin ƙanenta, na ce ta karanto mini sunan da ke sama. Ta dubi takardar, ta dube ni, sai ta kama rero wani darasi da ta haddace a aji, wanda ko kusa bai haɗa hanya da abin da ke hannunta ba. Shekara uku ke nan tana zuwa lakwal, kayenta cike da rubutu tsaf, ashe kwafa kawai take yi daga allo kamar mai zanen lalle. Ban ga laifin mushensu ba. Mutum ɗaya ne da yara cike da aji har bakin ƙofa, ga yajin aiki da ya cinye musu makonni a shekarar. Laifin da na gani nawa ne, don ban taɓa zama na ce mata "karanta in ji" ba.

Daga ranar muka fara koyar da yaranmu a gida. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda muka bi, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Mataki na farko: ku san irin wadda za ku yi

Koyarwar gida iri biyu ce. Akwai wadda yaro ba ya zuwa lakwal sam, iyaye ne malamansa daga baƙaƙe har jarrabawa. Akwai kuma wadda yaro yana zuwa lakwal, gida yana cike gurbi da safe ko da marece, da kuma lokacin hutu. Mu mun yi duka biyun, kuma in aka tambaye ni, yawancin gidajenmu ta biyun ce ta fi dacewa da su. Ta farkon tana da wurinta: yaro mai ciwon sikila da ke yawan kwanciya, iyalin fasto ko ma'aikacin da aka tura ƙauye mai nisa da makaranta, ko yaron da ya rasa tushe har aka ga gara a tsayar da shi shekara guda a gyara.

Ku zauna ku biyu, miji da mata, ku faɗa wa juna dalilinku da baki. In dalilin shi ne karatun yaro ya lalace, da kyau. In kuma tsoro ne, ku yi hattara. Duk wanda yake garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u, ya san abin da ke sa uwa ta ce ɗanta ba zai sake fita ba, kuma ban raina wannan tsoro ba. Amma yaron nan a Damagaram zai yi ciniki, a nan zai nemi aiki, da mutanen nan zai zauna. Karatun da aka gina kan ɓoye yaro, ranar da ya fita sai ya zama baƙo a garin ubansa.

Ku kuma yanke wa zai koyar. Ba sai mai digiri ba. Ni BEPC gare ni, takardar gama kwaleji, keken ɗinki ne sana'ata. Abin da ake bukata shi ne mutumin da zai kasance a gida sa'a uku kowace safiya ba fashi, wanda yake karanta Faransanci daidai gwargwado. Littafi Mai Tsarki ma da ya zo zancen bangaskiyar Timoti, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya ambata. Sai dai kada maigida ya ce aikin mata ne ya zame. A gidanmu lissafin marece nasa ne.

Mataki na biyu: takardu

Wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa, daga baya su ciji yatsa. Kowace ƙasa da tsarinta: a Amurka an yarda da koyarwar gida a duk jihohi 50, a Jamus an hana, a Faransa kuwa tun 2022 sai an nemi izini. Kada ku ji wani ɗan mishan ya ba da labarin ƙasarsu ku ɗauka haka yake a nan. Dokar tsarin ilimi ta Nijar, wadda ake kira LOSEN, ta 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, saboda haka batun karatun ɗanku ba naku ba ne ku kaɗai.

Kafin ku cire yaro daga aji, ku tafi ofishin sufeton makarantun firamare na yankinku. Ku je da takardar haihuwar yaron, in babu ku fara neman ta, don ba a rubuta kowa jarrabawa sai da ita. Ku yi tambaya uku, ku rubuta amsar a takarda tare da kwanan wata: me ake bukata daga gare ku in yaro zai yi karatu a gida, ta yaya za a rubuta sunansa a jarrabawa a matsayin kandida libir, wato wanda ba wata lakwal ce ta gabatar da shi ba, kuma in kuna son mayar da shi aji wace hanya za a bi a gwada shi. Ku roƙi tsarin karatun ajin da yake, daga CI, aji na farko, har CM2, aji na shida. In bai samu a nan ba, kowace majami'a ba ta rasa mushe ko madam da za ta ara muku nata ku kai a yi fotokopi.

Sannan ku sayi jakar takardu guda, kowane yaro da tasa. Duk kayen da ya cika, duk gwajin da aka yi masa, a ciki za su zauna.

Mataki na uku: wuri, kaya da lokaci

Kayan ba su da yawa. Tabarma, benci ɗan gajere da za a ɗora kaye, allon ardwaz da alli ga kowane yaro, kaye biyu, bik da fensir, littafin karatu da na lissafi na ajinsa. Allon bango kuwa, kafinta zai yanko muku falange a shafa masa baƙin fenti. Wurin ya zama ɗaya kullum, inuwar bedi ko zaure, nesa da murhu da telebijin. Wayar mai koyarwa ta kwana a ɗaki.

Lokaci shi ne rigimar, kuma a garin nan ruwa ne ke yanke shi. Ranar da famfo ya kawo da asuba, ba wanda zai zauna karatu sai an cika bido da randa. Kada ku yi faɗa da wannan, ku tsara da shi: in ruwa ya zo, karatu ya koma ƙarfe tara, in bai zo ba, ƙarfe bakwai da rabi an zauna. A watan Afrilu da Mayu, da rana ta ɗaga ƙwaƙwalwar yaro ta tafi hutu, don haka abin da ya fi wuya shi ake fara yi. Lokacin hunturu kuma a bar su rana ta ɗan fito, yatsun da sanyi ya ƙandare ba sa riƙe alli.

Ɗan CI ko CP, azuzuwa biyu na farko, sa'a biyu ta ishe shi, a yanka ta gunduwa-gunduwa, minti ashirin a tashi a miƙe ƙafa. Ɗan CM, azuzuwa biyu na ƙarshe, sa'a uku zuwa uku da rabi. Kada ku ga lakwal tana riƙe su yini ku ce ku ma sai kun yi haka. Yaro ɗaya gaban malami ɗaya ba ya jiran a kira suna ko a tsawata wa na baya. Ku bi kalandar gwamnati, daga Oktoba zuwa Yuni, hutunku ya zo daidai da na yaran unguwa.

Mataki na huɗu: sujadar safe

Minti goma sha biyar, kada ta wuce. Waƙa ɗaya, karatu gajere, addu'a. Aya ɗaya a mako don hadda, a rubuta ta a saman allo ranar Litinin, ranar Juma'a a share a ji wanda ya riƙe. Kowa ya yi addu'a da bakinsa ko da jimla ɗaya ce, har da autan da bai iya komai ba sai "Na gode Yesu don koko."

Abin da na koya da wuya shi ne wannan kwata ɗin sa'a ba ita ce tarbiyyar ba. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa yara maganar Allah ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, ana kwanciya, ana tashi. Wato yini duka. Wata rana mun gama haddar aya kan gaskiya, mai bin kuɗin adashi ta yi sallama, na ce wa ɗiyata a hankali, "Je ki ce ba na nan." Yarinyar ta tsaya ta ce, "Mama, ai kina nan." Na tashi na fita da kunyata. Wanda ya zama malamin ɗansa ba shi da lokacin tashi daga aiki.

Mataki na biyar: karatu, a fara da Hausa

Nan zan daɗe, don nan ne komai ke tsayawa ko ya rushe. Yaro ya fara koyon karatu da harshen da yake mafarki da shi. Hausa ana rubuta ta yadda ake faɗinta, shi ya sa yaron da ya san baƙaƙe da wasula zai iya karanta kowace kalma ya kuma gane ta nan take. In aka fara masa da Faransanci, aiki biyu aka ɗora masa lokaci guda: gane harafi da gane harshen da bai sani ba. Abin da ke haifar da haddar aku ke nan. Tun watan Maris na 2025 ma, kundin mulkin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, ba wanda zai ce kuna ɓata wa yaro lokaci. Mu Kirista kuwa wannan tsohuwar hanyarmu ce: ƴan mishan na SIM sun zauna a Damagaram tun 1924, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma kakanninmu da yawa a cikinsa suka koyi haɗa baƙi.

Ga yadda ake yi. Mako biyu na farko wasula biyar kawai: a, e, i, o, u. A faɗa, a rubuta a ƙasa da yatsa, sannan a ardwaz. Daga nan baƙi ɗaya duk kwana biyu, a haɗa shi da wasulan: ba, be, bi, bo, bu. Da kun sami baƙaƙe uku ko huɗu, ku fara gina kalmomin da ya sani: baba, mama, kaka, nono, tuwo. Ranar da ya karanta "kaka ta ba ni nono" ya yi dariya don ya gane, ranar ce kuka ci rabin yaƙin. Masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, a koya su bibbiyu da ƴan uwansu, ya ji bambancin bari da ɓari, kafa da ƙafa, daki da ɗaki. Su sh da ts su zo daga ƙarshe. Kada ku bar shi ya yi cinta daga hoto; ku rufe hoton da hannu.

Faransanci yana tafiya tun ranar farko, amma da baki: gaisuwa, ƙirga, sunayen abubuwan gida, ƴan waƙoƙi. Sai ya iya karanta gajeren labari da Hausa ba gargada ku buɗe littafin Faransanci, kuma ku gaya masa a fili cewa wasu haruffa sun sauya murya. Abin da Hausa ke rubutawa u, Faransanci na rubuta shi ou; sh ɗinmu shi ne ch ɗinsu; c ɗinmu na "ci" ba ya nan, nasu wani lokaci k ne wani lokaci s. Sai p da v, waɗanda bakin Bahaushe ke mayarwa f da b. Ku riƙe ƴar takarda gaban leɓensa: in ya faɗi p daidai, takardar za ta yi tsalle. Yara suna son wannan wasa har su hana ku sakat.

Dikte, wato shifta, kullum, layi biyu ga ƙarami, biyar ga babba. Ya gyara kuskurensa da kansa yana duban littafi. Bayan kowane karatu ku rufe littafin ku ce ya ba ku labarin da Hausa. In ya kasa, bai karanta ba, ƙara kawai ya yi.

Mataki na shida: lissafi da dala

Yaron Damagaram yana da lissafi biyu a kansa, kuma ba kowa ke lura ba. A kasuwa muna ƙirga da dala, littafi yana ƙirga da faran. Dala ɗaya faran 5 ce: dala ashirin 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500, jaka ɗaya 1000. Ɗana ya taɓa samun tambayar da amsarta 350 F, ya lissafa daidai a kansa, ya ce "saba'in," ya rubuta 70. Bai yi kuskure ba, harshe ya sauya masa a tsakiyar hanya. Ku zube kuɗin ƙarfe a tabarma, ya faɗi sunan kowane a kasuwa, ya karanta lambar da ke jikinsa, ku yi jadawali mai gida biyu a allo. Wanda ya ƙware a wannan ya riga ya haddace ninkin biyar da rabawa da biyar ba tare da ya sani ba.

Ƙirga da tsakuwa ko ƙwallon dabino, a ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma don ya ga me ake nufi da gomomi, kafin a zo ga aro da ajiya a rubuce. Bido mai lita 25 guda huɗu lita nawa ne? In gida na cin tiya biyu ta hatsi a rana, tiya talatin kwana nawa za ta yi? Ranar Alhamis ku tafi da shi kasuwar Dole da jerin cefane a rubuce da hannunsa, shi zai biya, shi zai ƙirga canji. Amma duk abin da aka yi da baki, a dawo a rubuta shi da Faransanci yadda zai zo a jarrabawa.

Tarihi da labarin ƙasa kuwa, garin nan da kansa littafi ne. Ku zaga Birni da ƙafa, ya ga fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, ku ba shi labarin Amadu Kuren Daga da yaƙin Tirmini na 1899, ku gaya masa nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926. Da ya dawo ya rubuta layi biyar.

Mataki na bakwai: horo

A gida ba darakta da zai leƙo aji, don haka sai mai koyarwa ta tsare kanta. Na taɓa marin ɗana saboda b da d da yake ta juyawa. Kwana uku in na ɗauko alli sai ya fara ƙifta ido, harafin da ya sani ma ya ɓace. Daga baya wata madam a zumuntar mata ta ce mini yara da yawa suna haka a farko, yana wucewa. Na kira shi na ce, "Ka yafe mini, ban yi daidai ba." Afisawa 6:4 ta gargaɗi iyaye kada su tsokani ƴaƴansu su yi fushi, mu kuwa aya ta farko ta surar, mai cewa yara su yi biyayya, ita muka fi haddacewa.

Ku raba rashin ganewa da rashin kunya. Wanda bai gane ba, a sake masa bayani ta wata hanya, ko a bari sai gobe. Wanda ya ƙi zama da gangan, a hana shi abin da yake so, ƙwallon marece ko zuwa gidan kaka, kuma a cika abin da aka faɗa. In ranki ya ɓaci, ajiye allin ki je ki sha ruwa.

Mataki na takwas: kada ƙofa ta rufu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In akwai gida biyu ko uku a majami'arku masu irin wannan niyya, ku haɗa yaran sau ɗaya a mako: wannan uwa ta iya waƙa, wancan uba anfirme ne zai koya musu jikin mutum da tsabta. Makarantar Lahadi da ƙungiyar mawaƙa ba a fashi. Da la'asar kuma a sake su su yi langa da ƙwallo da yaran unguwa, su kai wa maƙwabta abincin Nowel, su karɓi naman layya su yi godiya.

Za su dawo da tambayoyi. "Mama, me ya sa ba ma yin salla?" Ku amsa a natse, ku faɗi abin da muka gaskata ba tare da zagin na wani ba, don abin da kuka faɗa a ɗaki gobe za a ji shi a bakin famfo. Ku koya musu gaisuwa da durƙusawa ga manya. Maƙwabcinmu, dattijo mai almajirai, ya taɓa tare ni a ƙofar gida ya ce, "Maman yara, na ga ba sa zuwa lakwal, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau Malam, a gida muke yi." Ya yi murmushi ya ce ai shi ma a zauren babansa ya yi nasa, sai dai in riƙa bari wani ya ji karatunsu, don uwa ba ta jin kuskuren ɗanta.

Mataki na tara: gwaji, da ranar miƙawa

Shawarar Malam ita muka bi. Ƙarshen kowane zango na wata uku, ku nemi wani mushe da ba ɗan gidanku ba ya ba yaron irin gwajin da ya ba ajinsa, ya duba ya sa maki da hannunsa da kwanan wata. Ku ba shi ɗan abin goro. Takardar ta shiga jaka. In yaro ya gaza a abu ɗaya zango biyu a jere, ku sauya hanya ko ku ɗauko mai taimako.

Ku san iyakarku tun da wuri. Firamare uwa mai BEPC za ta iya riƙewa. Daga aji na farko na kwaleji abin ya rarrabu, ga Ingilishi, ga kimiyya, ga lissafi mai haruffa, kowanne da malaminsa. Mu a CM2 muka mayar da babbar aji, don ta yi shekara guda tana sabawa da hayaniya, da rubutu cikin ƙayyadadden lokaci, da ɗaga hannu kafin magana, ta kuma zauna jarrabawar gama firamare ta CFEPD tare da ƴan ajinta. In za ku yi haka, ku je wurin darakta tun watan Satumba kafin a cika aji, da takardar haihuwa, da hotuna, da jakar nan ta kaye da gwaje-gwaje, ku ce a gwada yaron a sa shi inda ya dace. Bayan ya koma, zaman marece ya ci gaba: minti talatin, ya buɗe kayen ranar ya karanta da ƙarfi, ya rufe, ya faɗa muku da Hausa abin da aka koya masa.